Titin da Na Sani Kafin Na Taka Shi

Ranar Asabar ta biyu da saukata Tokyo na fito daga tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Aoyama-itchome da hantsi, sanyin ƙarshen Nuwamba yana ratsa rigata har ƙashi. Kwas na makonni shida ya kai ni ƙasar a 2023, kan aikin injinan ban ruwa, kuma Asabar da Lahadi ne kaɗai nawa. Na tsaya a bakin titi ina duba waya don in ga inda zan dosa, sai na mayar da ita aljihu. Titin ya miƙe ɗoɗar, dogayen benaye hagu da dama, ga wani abu a ƙirjina yana ce mini nan gaba kaɗan akwai kwana ta dama mai tsanani, gara ka soma taka birki tun daga nesa. Ban taɓa zuwa Japan ba. Amma wannan titi na bi shi ya fi sau ɗari, a wani shago mai rufin kwano a unguwarmu a Kano, gaban talabijin mai ƙeya, janareto na kuka a bayan ƙofa.

Sunan titin babbar hanya mai lamba 246. A wasan tseren motoci na Gran Turismo an ɗauke shi da titunan da ke kewaye da shi an mayar da su filin tsere mai tsawon kilomita 5 da ɗoriya, aka sa masa suna Tokyo R246, ya fara fitowa a kashi na uku na wasan a 2001. Na yanke shawarar in zagaye shi da ƙafa.

Kwanar tana nan inda na bar ta. Da na karya dama sai na shiga layin itatuwan ginkgo na Jingu Gaien, kimanin mita 300, itatuwan sun jeru kamar dogarai, ganyensu ya koma rawaya shar, ƙasa ma ta rufe da shi. Can ƙarshen layin ga ginin nan mai ƙubba da nake wucewa a guje ban taɓa tambayar ko mene ne ba. Ashe gidan zane-zane ne na tunawa da Sarki Meiji. Mutane cike, iyaye da 'ya'ya, tsofaffi riƙe da hannun juna, kowa na ɗaukar hoto. Wurin da nake ratsawa cikin daƙiƙu kaɗan ya ci mini kusan rabin awa, domin kowane taku sai na tsaya. Daga nan na bi gefen katangar fadar Akasaka, na gangara zuwa Akasaka-mitsuke, na sake hawa 246 na dawo inda na taso, kusa da inda hedikwatar kamfanin Honda take a lokacin. Abin da ya fi taɓa ni gangaren ne. A wasan, idan ka iso wurin, motar takan yi kamar ta yi sauƙi a hannunka, ban san dalili ba sai ranar da gwiwoyina suka faɗa mini ƙasar ce ke sauka. Wani mutum ya taɓa tsayawa a nan da abin awo ya auna wannan gangare, don wani yaro a wata nahiya ya ji shi a yatsunsa.

A gidan gem na unguwarmu ba faifan mota ake rububi ba. Ƙwallo ake yi, sai dambe. Faifan Gran Turismo yana can ƙasan kwali, yara na cewa wasan wahala ne, ba ya barin mutum ya taka wuta. Gaskiyarsu. Sauran wasannin tsere suna miƙa maka jar mota mai walƙiya su ce tafi. Wannan kuwa ɗan kuɗi yake ba ka, wanda ba zai sayi sabuwar motar kirki ba, ya tura ka layin motocin hannu. Kafin ma a bar ka ka shiga manyan tsere sai ka ci jarrabawar lasin, kuma gwajin farko a kashin farko na wasan shi ne a ba ka ƙaramar Mazda Demio, ka yi gudun mita 1,000, ka tsaya cak a cikin layin da aka shata. Ka wuce layin, ka faɗi. Ka tsaya kafin layin, lokaci ya tafi. Wasan tsere ne, amma darasinsa na farko tsayawa ne. Na daɗe ina tuna wannan duk sanda na ga samari suna wasa da mota a ranar ɗaurin aure, ko na ji wani yana alfaharin ya karɓi lasin ba tare da kowa ya zauna gefensa ya ga tuƙinsa ba.

Kawuna bakanike ne, kuma garejinsa ake tura ni lokacin hutu. Wata rana na gudu gidan gem, ya biyo sawuna da niyyar ya ja kunnena. Ya shigo daidai lokacin da wasan ke maimaita tseren da na gama, kyamara na bin motata daga gefen hanya. Bai ce mini komai ba. Ya tsaya hannunsa duk baƙin mai, yana kallo.

"Kai, wannan ai Civic ce," ya ce. "Dubi yadda take nutsa kai idan ka taka birki. Sake nuna mini."

Na sake nuna masa. Ya matso kusa da gilashin, ya ce wanda ya yi wannan abu ya san mota, domin nauyinta ya koma gaba, shi ya sa bayanta ya yi sauƙi har ya nemi zamewa. Ya ce in rage birkin kafin in karya sitiyari. Sannan ya ja kunnen nawa muka tafi. Shawarar tasa kuwa ta ci jarrabawar da na yi kwana uku ina faɗuwa.

Wanda ya yi wannan abu sunansa Kazunori Yamauchi, haifaffen Kashiwa a lardin Chiba a 1967. Ya soma aikin a 1992, yana ɗan shekara 25, tun kafin na'urar PlayStation ta fito kasuwa. Manyan kamfanin Sony ba su ga abin da zai sa mutane su sayi wasan da ke kwaikwayon mota ta gaske ba, a zamanin da Ridge Racer na kamfanin Namco ke tashe da motocin ƙirƙira masu zamiya a kwana kamar a kan sabulu. Sai ya fara yi musu abin da suke so, wasan motocin zane mai ban dariya, Motor Toon Grand Prix, wanda ya fito a Disambar 1994. A ƙarƙashin waɗannan motoci masu lanƙwasa kamar roba yake gwada lissafin taya da nauyi da yake buƙata. Shekara biyar aikin ya ci, da 'yan mutane ƙalilan, kuma shi da kansa ya faɗa cewa a shekara bai fi kwana huɗu yake kwana a gida ba. Wata wahalar ita ce shawo kan masu ƙera motoci su yarda a sa sunayensu da motocinsu a abin da suke ɗauka wasan yara. Toyota ce ta fara amincewa, sauran suka biyo.

Ranar 23 ga Disamba 1997 wasan ya fito a Japan, da motoci kimanin 140. Ya sayar da kwafi miliyan 10.85, babu wasan da ya kai shi a PlayStation ta farko. A shekarar da ta biyo baya rukunin nasa ya zama kamfani mai suna Polyphony Digital. Kashi na biyu ya zo a 1999 da motoci kusan 650 a faifai biyu, na uku a 2001 ya sayar da miliyan 14.89. Na huɗu, a ƙarshen 2004, shi ne wanda na fi ƙauna, domin a nan ne abin ya tashi daga wasa ya koma taska: motoci sama da 700, har da keken Karl Benz mai ƙafa uku na 1886 da Ford Model T, ga kuma doguwar hanyar Nürburgring ta Jamus mai fiye da kilomita 20 an auno ta kwana bayan kwana. Na biyar ya sa mutane dogon jira kafin ya fito a 2010, na shida ya biyo a 2013. Zuwa ƙarshen 2022 jerin gaba ɗaya ya haura kwafi miliyan 90.

Alƙaluman da suka fi ba ni mamaki ba na ciniki ba ne. Yamauchi ya ce a kashin farko mutum ɗaya yakan zana mota guda a rana ɗaya. A na uku ta koma cin wata guda, a na biyar wata shida, a na bakwai kuwa kimanin kwana 270. Wata tara kenan a kan mota ɗaya, ana bin ɗinkin kujera da ƙwayar fitila. Kuma ba Ferrari kaɗai ake yi wa wannan hidima ba, har da ƙaramar motar zuwa cefane. Wannan shi ne abin da ya ɗaure ni da wasan tun ina yaro, kodayake a lokacin ba zan iya faɗarsa ba. Ya ɗauki motar talaka da muhimmanci. Civic da Accord da Corolla da Starlet, 'yan'uwan waɗanda ke jere a garejin kawuna an ɗaga bakinsu, su ne aka ba su tarihi da bayani da sautin inji, aka ce su ma suna da hali, akwai abin koyo a tuƙa su.

Washegarin ranar da na zagaye titin nan da ƙafa na tafi Akihabara, unguwar kayan lantarki, na hau wani siririn bene inda ake sayar da tsoffin wasanni. Faifan 1997 yana nan a kwando, da yawa ma, kuɗinsa bai kai na kwalbar shayi uku daga injin bakin titi ba. Abin da aka buga da miliyoyi ba ya tsada. Na buɗe kwalin a gaban mai shago, na tarar da littafin da ke ciki bai ko lanƙwashe ba, mai kauri, cike da zanen yadda ake shiga kwana daga waje, a taɓa ciki, a fita ta waje. Mu a Kano faifan kawai ya iso mana, babu kwali babu littafi. Na tsaya ina jujjuya shafukan da ba na iya karanta rubutunsu, ina gane kowane zane. Na saya, duk da ba ni da na'urar da za ta karanta shi.

Cikin waɗanda ke koyar da mu a kwas ɗin akwai wani matashin injiniya, bai wuce shekara 30 ba. Da ya ji inda na je ranar Asabar sai fuskarsa ta washe, ya gayyace ni gidansa. Ɗaki ɗaya ne da ɗan wurin girki, a hawa na shida, tafiyar minti arba'in a jirgi. Kusan rabin ɗakin kujerar tsere ta cinye, da sitiyari da totur da birki a kan ƙarfe, gaban babban talabijin. Na tambaye shi wace mota yake hawa. Ya ce ba shi da mota, bai taɓa mallaka ba. Yana da lasin, ya kashe kusan yen 300,000 a makarantar koyon tuƙi kafin ya samu, amma irinsa a ƙasarsu direban takarda ake ce musu. Ya lissafa mini dalilai da yatsunsa. Kafin a yi wa mota rajista a birni sai ka kawo takardar shaidar kana da wurin ajiye ta kusa da gidanka, kuma hayar wurin wata-wata ake biya. Ga binciken lafiyar mota na dole da suke kira shaken, bayan shekara uku da saye, sannan duk shekara biyu, mai cin kuɗi. Ga jirgi da ke zuwa kan minti. Har suna suke da shi ga wannan hali, kuruma banare, wato nisantar mota da matasa suka yi.

Na yi shiru ina kallonsa yana ratsa Nürburgring cikin dare da ruwan sama, hannunsa bai ko rawa ba. Ƙasar da ta cika duniya da motoci, ta kuma koya wa yaran duniya sunayensu ta wannan wasa, ga ɗanta nan ya san kowace kwana ta wata hanya a Jamus, amma bai taɓa canza taya ba. Ban ga laifinsa ba. Na dai fahimci dalilin da ya sa kashi na bakwai, wanda ya fito ranar 4 ga Maris 2022, ya yi kama da gidan tarihi. A cikinsa akwai wani ɗan shagon shan gahawa inda ake ba ka jerin motoci uku-uku ka tattaro, in ka kawo a zaunar da kai a ba ka labarinsu. Da farko abin ya gundure ni, na ga kamar ana mayar da ni aji. A ɗakin nan na gane ba don ni aka yi shi ba. An yi shi ne don wanda bai tashi yana jin warin fetur a rigar kawunsa ba.

Ba duk abin da ke cikin na bakwai ɗin na yarda da shi ba. Har yanzu da motar hannu ake farawa, cikin zaɓin ma akwai Demio, wannan ya yi mini daɗi. Amma manyan tsoffin motoci an sa musu farashin da ke bin kasuwar masu tara kayan tarihi, wasu har miliyan 20 na kuɗin wasan, ga kuma ƙofa a buɗe ta sayen kuɗin wasan da kuɗin gaske. Makonni biyu da fitowarsa aka rage ladan wasu tsere, aka kuma rufe na'urorin kamfanin fiye da awa 30, kuma da yake yawancin wasan ba ya tafiya sai da intanet, mutanen da suka biya kuɗinsu suka zauna suna kallon allo. Yamauchi ya ba da haƙuri, aka raba wa 'yan wasa miliyan guda-guda, aka gyara ladan. Duk da haka, wasan da ya fara da cewa haƙuri da gwaninta su ne jarin mai ƙaramin ƙarfi bai kamata ya buɗe wa mai kuɗi gajeriyar hanya ba. Kuma wasan da dole sai da intanet mai ƙarfi ba zai taɓa isa irin shagon da ni na same shi ba.

Shi abokin nawa injiniya abin da ya fi burge shi gasa ce. Tun Gran Turismo Sport na 2017 wasan ya koma fagen gasar duniya, har hukumar tseren motoci ta FIA ta sa hannu a 2018, shekarar da ɗan Birazil Igor Fraga ya lashe kofin ƙasashe a Monako. Ya kuma nuna mini GT Sophy, direban da ba mutum ba, wanda sashen binciken Sony ya horar har ya doke gwanayen 'yan wasa, labarin ya hau bangon mujallar Nature a Fabrairun 2022. Ni kuwa hankalina ya fi komawa kan GT Academy, shirin da Nissan da Sony suka yi daga 2008 zuwa 2016, na ɗauko gwanin wasa a sa shi a motar gaske. Na farkonsu, Lucas Ordóñez ɗan Sifaniya, ya zo na biyu a ajinsa a tseren awa 24 na Le Mans a 2011. Jann Mardenborough ɗan Birtaniya ya yi fice cikin mutum 90,000 a 2011, ya zo na uku a ajinsa a Le Mans a 2013. Ranar 28 ga Maris 2015 motarsa ta tashi sama a wani tudu na Nürburgring, ta tsallake shinge, ɗan kallo ɗaya ya rasu. Fim ɗin da aka yi kan rayuwarsa a 2023 ya ɗauko wannan hatsari ya sa shi kafin Le Mans, don ya zama tsanin da jarumi ya taka ya kai ga nasara. Wannan bai kwanta mini ba. Mutumin da ya mutu yana da iyali, kuma mutuwarsa ba ado ba ce. A wasan kana dukan shinge ka danna maɓalli ka sake farawa, shekaru da yawa ma motocin ko lotsewa ba sa yi. Wannan ita ce babbar tazarar da ke tsakaninsa da kwalta, kuma duk mai ƙaunarsa ya kamata ya riƙa faɗin haka da bakinsa.

Lahadin ƙarshe kafin in dawo, mahaifin abokin nawa ya ce zai kai mu Tsukuba. Dattijo ne mai shekara sittin da 'yan kai, ya zo da 'yar ƙaramar mota mai rawayar lamba, irin waɗanda injinsu ba ya wuce cc 660, da suka cika ƙauyukan Japan. A hanya, ɗan na fassara, ya ba ni labarin cewa a 1990, lokacin da kuɗi ke yawo a ƙasar, ya ci bashi ya sayi Nissan Skyline GT-R, ruwan toka. Da aka haifi yaron nan ya sayar da ita da araha ya sayi motar iyali. Yanzu, in ji shi, ko ya sayar da gonar gado ba lallai ya iya dawo da ita ba, domin dokar Amurka na barin a shigo da mota idan ta cika shekara 25, kuma yaran da suka san ta a wasan sun girma sun yi kuɗi, suna ta kwashe su. Motar da ba a sayar da ita a Amurka ba a zamaninta, wasa ya sa ta zama abin mafarkin Amurkawa. Ya ce ranar da ɗansa ya nuna masa ita a talabijin, launinta ɗaya, har agogunan gaban direba, sai ya ce a ba shi sitiyarin. Bai yi tsere ba. Ya riƙa tafiya a hankali yana kallon cikin motar.

Filin Tsukuba yana Shimotsuma a lardin Ibaraki, tsakiyar gonaki, dutsen Tsukuba na hangowa daga nesa. An buɗe shi a 1970, tsawonsa mita 2,045 kacal, kuma a wurin masu gyaran mota na Japan duk wanda ya zagaye shi ƙasa da minti ɗaya ya shiga sahun manya. Na san shi shi ma, tun kashi na huɗu. Na san gadar nan mai siffar taya, na san doguwar kwanar ƙarshe da ke jarraba haƙurin mutum, ka taka totur da wuri ta watsar da kai waje. Abin da ban sani ba shi ne ƙara. Wasan ya daɗe ana yi masa gorin sautin injinsa bai kai ba, kuma a nan na tabbatar. Ƙarar tana shiga ta tafin ƙafa. Ga warin taya da ta ƙone, ga zafin da ke tashi daga birki idan mota ta shigo ta tsaya.

Ba ranar babbar gasa ba ce, ranar masu sha'awa ce, kowa da motarsa da akwatin sifanarsa. A can gefe na ga wani tsoho shi kaɗai, gashinsa fari fat, ya durƙusa gaban farar Corolla Levin, samfurin AE86 da aka ƙera tsakanin 1983 da 1987. Yana bin tayoyin ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin iska, ya ɗora tafin hannu a kan kowace ya ji zafinta, ya rubuta a wani ɗan littafi da ya yi laushi don tsufa. Matarsa na zaune a kujerar naɗewa tana riƙe da agogo. Fentin ƙofar direba ya koɗe daidai inda gwiwar hannu ke sauka. Na gaishe shi da 'yar gaisuwar da na koya, abokina ya faɗa masa daga inda na zo. Ya ce motar tana hannunsa tun tana sabuwa, kuma ba ya neman minti ɗaya, lokacinsa na bara yake nema ya riƙe.

Rana ta yi ƙasa, wajen ƙarfe huɗu, wato takwas na safe a gida. Na san kawu ya buɗe gareji. Na kira shi ta bidiyo.

"Kawu, ina kwana. Ga wata mota ina so ka gani."

"Lafiya lau, ɗana. Ya sanyi? Juyo da ita in gani." Ya ƙura ido. "Sitiyarinta a dama. Irin waɗannan ba sa zuwa mana."

Haka ne. Tun 1972 da Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, motocin hannu na Japan ba kai tsaye suke zuwa mana ba, sai sun yi rayuwa a Turai ko Amurka tukuna su biyo ta Kwatano ko Legas. Ya ce a roƙi mai ita ya buɗe bonet. Tsohon ya goge hannu ya buɗe. Kawu ya yi shiru, sannan ya ce in matso da wayar ta gefen hagu, in sauko ƙasa kaɗan.

"Ai injin 4A ne," ya ce. "Kan ne daban, nata na gudu ne. Amma gidan ɗaya ne da na Corolla da Carina da muke fama da su. Tambaye shi, bai taɓa sauke ta ba?"

Tambayar ta bi ta bakina zuwa Turanci, ta bi ta bakin abokina zuwa Japananci. Tsohon ya ɗaga yatsu biyu. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce sau biyu a shekara kusan arba'in, mutumin nan yana canza baƙin mai a kan lokaci. Aka fassara, tsohon ya yi dariya ya ɗan rusuna wa wayar, matarsa ma ta taso ta leƙo.

Sai kawu ya ce in dakata. Hoton ya yi ta girgiza, na ga ƙasar garejin baƙi ƙirin da mai, na ga ƙafafun yaran shago, na ji ana bugun ƙarfe da kiran mai koko daga nesa. Ya tsaya gaban wata tsohuwar Corolla ta haya, bonet a ɗage an tokare da sanda, gilashin baya an liƙe shi da salatif. Ya ce jiya aka kawo ta daga hanyar Haɗeja, ya samo mata kayan gyara a Ƙofar Ruwa, kuma agogonta ya daina ƙirga tafiya tun kafin mai ita na yanzu ya saye ta. Ya sa yaro ya tayar. Ta yi tari sau biyu ta kama.

Tsohon ya karɓi wayar daga hannuna da hannu biyu, ya kai ta kusa da kunnensa, ya rufe ido yana sauraro. Can ya faɗi wata magana gajeriya. Abokina ya ce yana cewa bawul ɗaya na ɗan ƙara.

"Faɗa masa na ji," in ji kawu. "Shi zan duba yanzu."